Maɗaciya: tambayoyi da amsoshi kan cututtukanta da ba safai ake gani ba, waɗanda kuma ba ciwon daji ba ne

Yawancin masu ciwon maɗaciya tsakuwa ce ke damunsu, kuma wannan kowa ya san shi. Bayanin nan na sauran ne: waɗanda aka yi wa ekografi, wato hoton ciki da ake ɗauka da na'ura mai aiki da sauti, aka miƙo musu takarda da Faransanci mai cewa bangon maɗaciya ya yi kauri, ko an ga wani tsiro a ciki, ko ma ba a ga maɗaciyar ba sam. Da yawansu daga ɗakin hoto sai gida, a kwana ana jimami an ɗauka ciwon daji ne. Wasu kuma a shiga sayar da bisashe don kuɗin aiki, alhali babu abin da ya kamata a yanka. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakin majinyata da masu jinyarsu a nan Maraɗi.

Ina maɗaciya take, kuma mene ne aikinta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan fiɗar ragon layya ya gan ta: ƴar jaka kore-kore manne a ƙarƙashin hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ta mutum ma nan take, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Tsawonta santimita 7 zuwa 10, tana ɗaukar mililita 30 zuwa 50. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, ita maɗaciya tarawa take yi ta sa ya yi kauri, in an ci abu mai maiƙo ta matse ta tura shi hanji. Shi ya sa mutum ke rayuwa lafiya lau bayan an cire ta.

Me ya sa aka ce in zo ban ci komai ba? Kunu kaɗai na sha.

Kunun nan ya isa ya ɓata hoton. Da zarar abinci ya sauka ciki, musamman mai madara ko mai ko gyaɗa, maɗaciya na tsukewa. In ta tsuke, bangonta sai ya fito da kauri a allon na'ura ko da lafiyarsa ƙalau, ƙananan abubuwan da ke ciki kuma su ɓuya. Kaurin bangon lafiyayyar maɗaciya bai wuce milimita 3 ba, amma wannan awo na mai cikin da ba komai ne. Saboda haka a bar ci na awa 6 zuwa 8 kafin hoto. Kurɓin ruwa ba laifi, shayi da madara kuwa laifi ne. Mai ciwon sukari ya gaya wa likita tun da wuri, a ba shi sahun farko da safe.

Wanda ya taso daga Dakoro ko Mayahi ko Tasawa da asuba, abin da ya fi ja masa shi ne ƙosai da kunun tasha. Ya yi haƙuri ya riƙe guzurinsa a leda har a gama. Idan kuwa an riga an ci, a faɗi gaskiya. Dawowa gobe ya fi a rubuta maka cutar da ba ka da ita.

An rubuta mini «polip». Tsakuwa ce ko ƙari?

Polip tsiro ne da ke fitowa daga bangon maɗaciya ta ciki. Ana ganin sa ga kusan mutum 5 cikin 100 na manyan da aka yi wa ekografi, galibi ma ba shi aka je nema ba. Mafi yawansu maiƙon kolesterol ne da ya taru ya manne a bango, ba sa rikiɗa su zama komai. Kaɗan ne ke zama ƙari na gaskiya, wanda ake kira adenom, kuma shi ne ake sa wa ido domin in ya girma yana iya juyewa ciwon daji.

Yadda ake rabe shi da tsakuwa abu ne da kai kanka za ka iya lura da shi a ɗakin. Kana kwance rigingine, an shafa man nan mai sanyi, mai hoton ya dafa kan na'urar ƙarƙashin haƙarƙari ya ce ka ja numfashi ka riƙe. Sai ya ce ka juya kan haƙarƙarin hagu, wani lokaci ma ka tashi zaune. Tsakuwa tana gangarawa inda ya fi ƙasa, kamar yadda take yi a cikin gora in an karkata shi, kuma tana jefa baƙar inuwa a bayanta domin sauti ba ya ratsa ta. Polip kuwa yana nan inda yake, manne, ba inuwa. Idan ba a juya ka ba ko sau ɗaya, to hoton bai cika ba, kuma kana da damar tambaya cikin ladabi.

To, sai an yi aiki ke nan?

A'a, girma ake dubawa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka fitar a 2017 kuma suka sabunta a 2022 ita ce aka fi bi. Polip da ya kai milimita 10 ko ya wuce, a cire maɗaciyar. Wanda ke tsakanin 6 da 9, a sake hoto bayan wata 6, sai shekara 1, sai shekara 2. Amma in mai shi ya haura shekara 60, ko tsiron shimfiɗaɗɗe ne marar wuya, ko akwai wata cutar hanyoyin ruwan ɗaci tare da shi, to ko a wannan girman ana ba da shawarar aiki. Wanda bai wuce milimita 5 ba, ga mutumin da ba shi da ɗaya daga waɗannan, ba ya buƙatar bibiya ma. Idan a cikin bibiya ya ƙaru da milimita 2 ko fiye, a sake zama a duba lamarin.

Bibiya ba ta yiwuwa sai da awo. Takardar da ta ce «an ga polip» ba ta faɗi milimita nawa ba, ba ta ba likita na gaba abin kamawa ba. A nemi a rubuta girman mafi girmansu da adadinsu, kuma in da hali a koma wurin da aka yi na farko, domin na'urori sun bambanta, hannaye ma haka.

Bangon maɗaciyar mahaifina ya yi kauri. Wani ya ce mana alamar daji ce.

Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku yanke hukunci daga wannan layi ɗaya. Kaurin bango alama ce mai iyaye da yawa, kuma a ƙasarmu da yawansu ba a maɗaciyar suke ba. Ciwon hanta, sabo ko tsoho, yana kumbura bangon, kuma nau'in B ya yi yawa a cikinmu. Hantar da ta ƙanƙance har ruwa ya taru a ciki tana yin haka. Zuciyar da ta yi rauni, ƙodar da ta gaza, tamowa ko duk abin da ya rage sinadarin albumin a jini, duk suna sa bangon ya sha ruwa ya yi kauri. A irin waɗannan, cire maɗaciya ba ya ƙara komai sai haɗari, domin mai lalatacciyar hanta jininsa ba ya saurin tsayawa.

Abin da za a tambayi mai hoton shi ne: kaurin ya zagaye bangon daidai wa daida ne, ko a wuri ɗaya yake? Shimfiɗun bangon suna nan a jere, ko sun cakuɗe? Iyakar da ke tsakanin maɗaciya da hanta tana fita sarai? Kaurin da ya zagaye sumul, mai shimfiɗu a jere, ya fi kama da kumburi. Wanda ya tattaru wuri guda, mai gargada, ya shiga cikin hanta, shi ne ke sa a wuce zuwa sikana, babbar na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma kumburin maɗaciya marar tsakuwa. Ana ganin sa ga mai tifoyid, ga mai masassarar cizon sauro mai tsanani, ga yaron da ciwon hanta nau'in A ya kama, da wanda ya daɗe kwance ba ya cin abinci ta baki. Sau da yawa in an magance tushen, maɗaciyar na komawa daidai, sai dai dole likita ya riƙa dubawa don wani lokaci takan ruɓe.

Ɗana yana kwance ana yi masa allurai, sai hoto ya nuna tsakuwa a maɗaciya. Yaro ɗan shekara shida?

Hajiya, abu biyu za a fara dubawa. Na farko, wace allura ake yi masa? Seftiriyakzon, wadda ake yawan yi wa masu sanƙarau da tifoyid da ciwon huhu, tana fita ta ruwan ɗaci, a can ta haɗu da kalsiyom ta daskare. A hoto sai ta fito tamkar tsakuwa, har da inuwarta. An fi ganin haka ga yara da waɗanda aka ba da yawa kwanaki a jere. In an gama allurar, cikin kwanaki ko ƴan makonni takan narke da kanta. Ba a yi wa wannan aiki, sake hoto ake yi. Kada kuma a tsayar da allurar sanƙarau saboda wannan, sai in likita ne ya canja.

Na biyu, amosanin jini, wato sikila. Jinin mai sikila yana saurin fashewa, abin da ya fashe ya bi ta hanta ya zama ƙananan baƙaƙen tsakuwoyi tun yana ƙarami. Duk yaron da aka ga tsakuwar gaske a maɗaciyarsa, a yi masa gwajin sikila in ba a taɓa yi ba.

Mai juna biyu ma takan tara laka a maɗaciya, kuma sau da yawa bayan haihuwa ta washe. Lakar nan wani lokaci takan dunƙule ta yi kama da ƙari. Ana gane ta da cewa tana sauya siffa a hankali in an juya mutum, kuma jini ba ya gudana a cikinta in an kunna dofila, wato sashen na'urar da ke nuna gudun jini.

Mece ce adenomiyomatoz?

Sunan ya fi cutar ban tsoro. Fatar cikin maɗaciya ce ke yin yawa, naman bangon ya yi kauri, sai fatar ta nutsa cikin naman ta yi ƙananan aljihuna. Aljihunan suna ɗauke da sunan likitoci biyu da suka bayyana su, Rokitansky na Biyana da Aschoff na Jamus. Ƙwayoyin kolesterol kan maƙale a cikinsu, su ba da wani farin ɗigo mai jan jela a hoto, wanda masu aikin ke kira tauraro mai wutsiya. In an ga wannan, hankali ya kwanta, don alama ce ta wannan cuta marar illa.

Tana zuwa iri uku: a ƙarshen jakar kawai, ko ta ɗaure tsakiya ta raba maɗaciyar gida biyu, ko ta game bangon duka. Idan ba ciwo kuma hoton ya fito sarai, ba a taɓa ta. Idan tana ciwo, ko akwai tsakuwa, ko an kasa rabe ta da ƙari, IRM, wato hoton da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, ita ce ta fi nuna aljihunan, kuma a nan ne ake maganar cirewa. Ƴar'uwarta kolesteroloz, inda maiƙo ke yin ɗige-ɗige rawaya a fatar ciki, galibi sai bayan an cire maɗaciyar don wani dalili ake ganin ta.

Akwai wadda likita da kansa ba ya iya rabe ta da ciwon daji?

Akwai, kuma gara a faɗa muku gaskiya tun kafin a shiga ɗakin aiki. Ana kiran ta kolesistit zantogaranulomatoz. Tsohon kumburi ne, kusan kullum tare da tsakuwa: ruwan ɗaci ya tsiyaya cikin bangon, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su haɗiye maiƙon, wurin ya yi tauri da dunƙule-dunƙule rawaya, ya manne da hanta ko hanji. Sikana kan nuna dunƙulen a cikin bango da fatar ciki da ba ta yanke ba, abin da ke karkata zuwa gare ta, amma ba ya yanke hukunci. Gwajin jinin da ake kira CA 19-9 ma yakan hau a cikinta, kamar yadda yake hawa a duk toshewar hanyar ruwan ɗaci, don haka hawansa kaɗai ba shaida ba ne.

Madubin labo mai girmama ƙananan abubuwa ne kawai ke raba gardama, bayan an cire. Likitan fiɗa da ya ce muku zai yi aikin kamar na daji, ya haɗa da ɗan yankin hanta, ba tsoratarwa yake yi ba. Yana yin haka ne don wani lokaci cututtukan biyu suna zama tare a maɗaciya ɗaya. Irin wannan aikin ba na gaggawa ba ne da za a yi ko'ina. A nemi inda akwai gogaggen likitan fiɗa da jinin da za a ƙara wa majinyaci a ajiye.

An ce bangon ya daskare ya zama kamar tangaran.

Haka likitoci ke kiran ta, maɗaciyar tangaran. Kalsiyom ne ya kwanta a bangon bayan shekaru na kumburi, har hoton ƙashi na yau da kullum yakan nuna zagayenta. A da ana cire duk wadda aka gani saboda an ɗauka haɗarin daji a cikinta babba ne ƙwarai. Binciken baya-bayan nan ya nuna haɗarin bai kai yadda aka zata ba. Mai ciwo, ko mai sauran ƙarfi da daskarewar ta yi masa dabbare-dabbare, ana cire masa. Tsohon da ba ya jin komai kuma yana fama da wasu cututtuka, ana iya barin sa.

Mai hoto ya ce bai ga maɗaciyata ba.

Mafi yawan lokaci ci aka yi, ko iska ta cika hanji ta tare, ko maɗaciyar ta tsuke kan tsakuwa saboda tsohon ciwo. A sake da azumi sosai. Amma akwai waɗanda aka haifa ba su da ita, ƙasa da mutum 1 cikin 1,000. Haɗarin a nan shi ne a rubuta «ta tsuke», a buɗe ciki, a yi ta nema har a ji wa babbar hanyar ruwan ɗaci rauni. In hoto biyu masu kyau ba su gan ta ba, IRM ta hanyoyin ruwan ɗaci ce mataki na gaba, kafin wuƙa. Akwai kuma mai maɗaciya biyu, kusan 1 cikin 4,000, da wanda tasa ke ɓangaren hagu na hanta, da wanda kan tasa ya lanƙwashe. Duk halitta ce, amfanin saninsu ga likitan fiɗa yake.

Da gaske tsutsar ciki na shiga maɗaciya?

Da gaske. Doguwar tsutsar nan, askaris, takan hau daga hanji ta shiga hanyar ruwan ɗaci, jefi-jefi har cikin jakar. A allon na'ura ana ganin ta doguwa, marar inuwa, wani lokaci tana motsi a gaban idon mai kallo. Sau da yawa takan koma da kanta, a ba da maganin ciwo da na tsutsa, a sake hoto.

Ina jin ciwon sosai, musamman bayan na ci maiƙo, amma duk hoto ya ce lafiya.

Ciwon maɗaciya na da kamanninsa: a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, ya taso ya tsaya da ƙarfi rabin awa ko fiye, ya harba baya ko kafaɗar dama, sau da yawa da dare bayan tsire ko soyayyen nama ko buɗa-bakin da aka cika wa mai. Idan naka ƙuna ne da gyatsa da kumburin ciki kullum, a fara neman gyambon ciki da ƙwayar cutar da ke kawo shi. Idan kuwa kamannin na maɗaciya ne, a sake ekografi, don ƙananan tsakuwoyi kan ɓuya. Akwai maɗaciyar da ba ta matsewa yadda ya kamata ko da babu tsakuwa. Ana auna ta da wani hoto na musamman da ake sa sinadari a jijiya, a ga kashi nawa take fitarwa. Ƙasa da kimanin 35 cikin 100 ana ɗaukar ta raunana. A ganina, kada a yarda a cire maɗaciya kan zato kawai kafin a kawar da sauran dalilai, domin akwai waɗanda aka cire wa kuma ciwon bai tafi ba.

Mu wuce Yamai ko Kano kai tsaye mu yi sikana?

Kada ku fara da nan. Ga maɗaciya, ekografi mai kyau ta fi sikana ganin ƙaramin polip da tsakuwa, ba ta da tururin haske mai cutarwa, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. A fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, ko asibitin gunduma, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha ko Asibitin Referans na Maraɗi. A haɗa da gwajin jini: ƙidayar ƙwayoyin jini, bilirubin, sinadaran hanta, ciwon hanta nau'in B da C, da sikila ga yara da matasa. Sikana tana shigowa in ana zargin abin ya taɓa hanta ko maƙwabta, IRM kuma in ana son ganin cikin bango ko hanyoyin ruwan ɗaci. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan. Wanda zai yi wannan tafiya, ko ya bi ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, ya tafi da rubutacciyar tambayar likitansa da duk tsofaffin hotuna da takardu a jere bisa kwanan wata, don kada a sa shi ya sake komai daga farko.

An cire, an nuna mana ita a kwano. Shi ke nan?

Da saura. Maɗaciyar da aka cire, musamman mai polip ko mai kaurin bango, dole ta je labon da ke yanka nama a duba shi a madubi. A sa ta a ruwan formol mai hana nama ruɓewa nan take, cikin kwalba mai faɗin baki, ruwan ya rufe ta sosai, a rubuta suna da rana. In ba a yin gwajin a inda aka yi aikin, a tambayi yadda za a aika. Na san al'adarmu ce a binne abin da ya fita daga jikin mutum, kuma bayan kuɗin aiki aljihu ya riga ya bushe. Duk da haka ina roƙon ƴan'uwa kada a tsallake wannan. Sakamakon ne zai ce «ba daji ba ne» da tabbaci, ko ya kama shi yana ƙarami lokacin da ƙarin aiki zai iya ceton rai. Sakamakon kan ɗauki makonni, a bar lambar waya, a kuma koma a karɓa ko da mai jinya ya miƙe.

Yaushe ne ba a jira?

Ciwo mai tsanani a dama da ya wuce awa 6, zazzaɓi da rawar ɗari, amai ba tsayawa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ko tsoho ya fara ruɗewa. Ciwon shawara, wato rawayar ido, tare da zazzaɓi da ciwon dama na nufin hanyar ruwan ɗaci ta toshe ta kama ƙwayar cuta, kuma jiƙe-jiƙe ba sa buɗe toshewa; wasunsu ma hantar suke ƙara wa nauyi. Wani lokaci tsakuwar da ta maƙale a wuyan maɗaciya ce ke danne babbar hanyar daga waje, abin da likitan Ajantina Pablo Mirizzi ya bayyana a 1948.

A kula da tsofaffi mata ramammu. Ga wasunsu maɗaciya na reto ne a ƙarƙashin hanta, tana iya murɗewa a kan wuyanta, jini ya yanke mata. Ciwon na zuwa farat ɗaya tare da amai, sau da yawa ba zazzaɓi da farko, hoto ya nuna ƙatuwar maɗaciya kwance a gicciye, wani lokaci ba tsakuwa ko ɗaya. Wannan aikin ranar ne. Idan Inna ta kama cikinta ta dama haka, kada a ba ta fura ko abinci, kada a tsaya sai gari ya waye, a nemi mota a kai ta asibitin da ake yin fiɗa.